Gari Mai Rijiya Ɗaya

Garin da rijiyarsa ɗaya ce, mai guga shi ke yanka kuɗin ruwa. Haka sha'anin waya ya kasance a Nijeriya shekara da shekaru. A 1985 Gwamnati ta haɗa sashen waya na Gidan Waya da kamfanin da ke lura da wayar ƙasashen ƙetare, aka kira su NITEL, aka bar masa kasuwa shi kaɗai. Da 2000 ta zo, mutanen ƙasar sun haura miliyan 100, amma layukan waya ba su kai rabin miliyan ba. Mutumin Kiyawa da ke so ya gana da ɗansa a Ikko sai ya hau mota zuwa Dutse ko Kano, ya bi layi, sa'an nan ba lalle ne ya dace ba.

Intanet ma ta wannan ƙofa ta shigo. Igiyar SAT-3 da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku ta fara aiki a 2002, bakinta kuwa na Ikko a hannun NITEL ya ke. Ya sayar yadda ya ga dama, ga tsada ga nawa, don ba inda mai saye zai juya. Sai a 2010, da igiyoyin MainOne da Glo-1 suka iso, farashi ya fara sauka. An riga an ga irin wannan ga wayar hannu: MTN da Econet sun fara a 2001 suna lissafin kira da minti, har Globacom ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan abin da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu.

To, amma saukin nan a manyan birane ya fi tsayawa. Ƙauyen da hasumiyar kamfani ɗaya kaɗai ke kaiwa gare shi, har yau rijiyarsa ɗaya ce, ko da NITEL ya tafi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Kamfanoni sun kawo hujjar tsadar gas da faɗuwar naira, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ƙarin bai bambanta mutumin Abuja da ɗan kasuwar hatsi a Shuwarin ba, wanda kan tsaya riƙe da waya yana jiran kuɗin buhunansa su shigo, direba kuwa yana ta yi masa oda.