Maƙeran da ke bayan bindigar maharbi

A ƙasar Guci, can wajen Dungass da Magarya, ɗakin tsohon maharbi kan nuna shekarunsa. Ga baka da kwari na ƙuruciya a rataye, ga adakar da ya gada wurin uba, ga kuma wadda ya saya bayan wata kaka mai albarka. Ba ya zubar da ko ɗaya, ko da ta daina tashi.

Sai dai yabo na maƙeri ne. Shi ake kai wa idan kunama ta saki ko ƙota ta tsage. Yaro na kan zugazugi, shi kuma ya kama ƙarfe da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har abin ya zauna daram. Ya san bindigar kowane gida a garin, har da wadda mai ita ke cika mata albarushi fiye da ƙima don burga. Irin wannan yakan sha faɗa kafin a karɓi aikinsa, kuma ya cancanta.

Sana'ar tana da asali. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana kawo bindigogi daga Turabulus ta hamada, maƙeran Zinder kuma suna ƙera igwa a gida.

Yau daji ya koma gonaki, nama ya yi ƙaranci, hukuma kuma tana sa ido kan makamai. Adaka ta fi fitowa ranar salla ko naɗin sarauta, maƙerin kuwa galma da hauya ne ke ciyar da gidansa.