Jinjina ga masu jera littattafai

A Funtuwa da Malumfashi ana yabon mai iya awon auduga, amma ba a cika tuna ma'aikacin laburare ba, wanda ke hana littattafai 'yan gida ɗaya ɓace wa juna.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam juzu'i uku ne. Kati ɗaya ma'aikacin yake yi musu, lamba ɗaya a ƙarƙashin 893.72, gurbin adabin Hausa a tsarin Dewey, sannan ya bambanta su da 1, 2, 3. Wannan mai sauƙi ne.

Gwanintar tana wajen ƙasidun noma da ke fitowa daga Samaru, Zariya, kowace da sunanta da lambarta a jeri. Ta auduga tana tafiya wani kanta, ta kiwo wani daban, domin manomi batun yake nema. Sai ma'aikacin ya ƙara katin sunan jerin, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, har ya gane wadda ba ta iso ba, ya rubuta a aiko. Ɗalibin aikin gona da ya tarar da jerin a cike, gumin ma'aikacin ya ci.