Jinjina ga Masu Rainon 'Yan Ƙwallon Kwando

A Ɗambatta, yaron da ya ɗara tsararsa tsawo sai dai a riƙa tsokanarsa, ko a ce ya tsaya gola. Da wuya wani ya dube shi ya hango ɗan ƙwallon kwando. Masu horarwa ne ke da wannan idon, kuma sun cancanci jinjina.

Dubi Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, ya faɗa hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan na Jami'ar Ahmadu Bello da ake kira OBJ. Daga nan sai Amurka karatu, sai wasan ƙwararru a Turai, har Ingila da Beljiyam. A 2019, yana shugabantar Toronto Raptors, ƙungiyar ta ɗauki kofin NBA.

Wannan kowa ya ji. Wahalar koci kuwa, wa ke ba da labarinta? Ya fito da sanyin hunturu ya share ƙura daga simintin da ya tsattsage, zoben ko raga babu. Yaro ya jefa ya kuskure, ya gyara masa gwiwar hannu, a sake, har rana ta take. Shi ne zagaya 'yan gwanjo neman takalmin da zai shiga ƙatuwar ƙafa, sau da yawa da kuɗin aljihunsa. Shi ne kuma durƙusawa a zaure yana lallashin mahaifi, yana alƙawarin wasa ba zai hana karatu ba. Mafi yawan yaran ba za su taɓa hawa jirgi ba, ya kuma sani sarai.

Ujiri bai manta ba. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, yana shirya wa matasa sansanonin horo a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka.