Tsuntsaye Talatin a Bakin Tafki

Wanda ya san kasuwar Treichville a Abijan ya san burtun nan na itace, mai dogon baki da buɗaɗɗun fikafikai, sassaƙar Sanufawa ta wajen Korhogo. Da yawa daga dillalansa Hausawa ne, kamar yadda Christopher Steiner ya nuna a littafinsa na 1994. A garinsu tsuntsun na ƙungiyar Poro ne, ana koyar da samari da shi. A rumfar dillali kuwa adon falo ne. Tsuntsu ya iso kasuwa, ma'anarsa ta tsaya a hanya.

Irin wannan ne ya sami tsuntsayen Fariduddin Attar a hannun Peter Sís, mai zane haifaffen ƙasar Cek, wanda ya fitar da littafinsa a Amurka a 2011. Attar sufi ne na Nishapur a ƙasar Farisa. A ƙarni na 12 ya rubuta Manɗiƙuɗ Ɗairi, waƙa mai baiti wajen 4,500. Tsuntsayen duniya suka taru neman sarki, alhudahuda ya ce sunansa Simurg, yana bayan dutsen Ƙaf. Kowa ya kawo uzuri: agwagwa ba ta rabuwa da ruwa, mujiya na gadin dukiya a kango, shaho ya saba da hannun sarki. Suka ƙetare kwari 7, talatin kaɗai suka isa. A Farisanci kuwa in aka raba sunan gida biyu, si murg, yana nufin tsuntsu talatin.

Gaskiya ɗaya ce, Sís ya iya zane. Da ɗigo-ɗigon alƙalami yake gina garke har ya cika shafi, kwaruruwan kuma ya mai da su hanyoyi masu ruɗarwa, ido na shiga ya rasa mafita. Mai duban shafukan yana jin gajiyar tafiyar a jikinsa. Uzurorin tsuntsayen ma sun fito sarai. Duk wanda ya taɓa gayyatar mutum sujada ya san agwagwar nan.

Inda littafin ya gaza shi ne ƙarshe. A wurin Sís tsuntsayen sun isa tafki, suka ga fuskokinsu, suka gane su ne sarkin. Attar bai sauƙaƙa musu haka ba. A waƙarsa mai tsaron fada ya fara korarsu, ya ce su ba kome ba ne. Da aka shigar da su sai aka miƙa musu takarda, suka karanta, suka iske dukan abin da suka aikata a rubuce. Attar ya kwatanta su da 'yan'uwan Yusufu, sa'ad da aka ba su takardar cinikin ƙanensu su karanta a gabansa. Kunya ta cinye su ƙurmus kafin su ga haske. Sís ya cire takardar. In babu ita, me ya rage? Mutum ya sha wahala, ya leƙa ruwa, ya yaba wa kansa. Malamin Tijjaniyya a Adjamé ba zai kira wannan sufanci ba, don a wurinsa ana fara wuridi ne da istigfari.

Kada mai karatu ya ɗauka mun yarda da Attar a kome. Shi yana koyar da fana'i, wato bawa ya narke har ya ɓace cikin Ubangijinsa. Mu masu bi mun karanta a Luka 15 cewa uban ne ya sheƙa a guje ya taryi ɗansa, ɗan kuwa bai narke ba, an sa masa riga da zobe ya zauna cin abinci. Akwai kuma labarin Shehu San'an da budurwa Kirista a cikin waƙar, inda aka mai da ita jarraba, aka sa shehun kiwon aladu dominta. Wannan ba zai yi wa Kirista daɗi ba, Sís kuma ya tsallake shi. Duk da haka gardamarmu da Attar gardama ce ta mutum biyu da suka yarda akwai Sarki, akwai ƙofa, akwai laifin da za a amsa. Da shi za a iya zama a buɗe Farawa 45 a yi magana har dare. A tafkin Sís babu Yusufun da zai yi kuka ya faɗa wa 'yan'uwansa sunansa.