Wa ke da bidiyon ɗaliban Ƙanƙara?

Ka tuna bidiyon da ya zagaya wayoyi a Disamba 2020, na ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a hannun waɗanda suka sace su? To, babu abin da zai hana wani ya yi masa NFT ya kai kasuwa.

NFT fa ba bidiyon ba ne. Rasit ne da ake rubutawa a kundin intanet mai wuyar gogewa, mai nuna wanda ya saya. Bidiyon yana nan kowa na kallo kyauta, kuma galibi mai saye ba ya samun haƙƙin mallaka. Farashin ma ba tabbas: an sayi NFT na saƙon Twitter na farko na Jack Dorsey dala miliyan 2.9 a 2021, da aka mayar da shi gwanjo a 2022, tayin makon farko bai kai dala 300 ba.

Babbar matsalar ita ce yarda. Iyalin yaran bidiyon Charlie Bit My Finger da kansu suka sayar da nasu, dala 760,999. Amma a Fabrairu 2022, kamfanin labarai na AP ya janye NFT na bidiyon baƙin haure cunkushe a jirgin ruwa, saboda mutane sun ce ciniki ne da wahalar wasu.

Matar da aka ɗauka tana gudun hijira a Faskari ko Sabuwa, kundin nan ba ya tambayarta komai. Kai ka tambaya kafin ka saya: ta yarda? Aljihun wa kuɗin zai shiga?