Kalmar Akatharsia da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

Kalmar Girkanci akatharsia, wato rashin tsarki, ta zo sau 10 a Sabon Alkawari. A Matiyu 23:27 tana nufin ruɓar da ke cikin kabari, amma a wasiƙun Bulus, kamar Galatiyawa 5:19, gurɓacewar hali ce. Don haka mai fassara zuwa Hausa yana tsakanin kalmomi biyu. "Najasa" kalmar fiƙihu ce, abin da ruwa ke gusarwa, saboda haka ba ta cim ma manufar Bulus ba. "Ƙazanta" kuwa ta game jiki da ɗabi'a, ita ce ta fi dacewa. Ga Kiristocin Gbagyi masu ibada da Hausa a Bosso, kuskuren zaɓi zai mayar da gargaɗin gyaran zuciya batun wanka kawai.