Masu Jin Maganar Ƙwaƙwalwar Mota

Yawancin motocin da ke bin hanyar Gaya zuwa Bengu sun tsufa a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano. Shekara da shekaru ta gadar Malanbil suke haurowa, har zuwa rufe iyakar da aka yi a 2023. Kusan kowacce tana ɗauke da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, dab da gwiwar direba. Amurka ce ta wajabta ta daga motocin 1996 da sunan OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, sannan masu dizal a 2004. Ta wannan kafa ƙwaƙwalwar mota ke faɗin abin da ke damunta, kuma ina jinjina wa matasan da suka koyi sauraronta da tsohuwar kwamfutar cinya.

Aikin a ɗaki yake farawa, tun ba a je gindin mota ba. 'Yar na'urar ELM327 mai araha tana karanta matsalar inji a kusan kowace mota mai wannan kafa, amma da wuya ta wuce nan. Mai son shiga birki, giya ko jakar iska sai ya nemi manhajar da ta dace da gidan motar: Techstream ga Toyota, Diagbox da wayar Lexia ga Peugeot da Citroën, VCDS ga Volkswagen, FORScan ga Ford da Mazda. Kowace da wayarta, kowace da halinta.

A nan ake gane mai haƙuri. Ka soka waya a kwamfuta, ta yi shiru kamar ba a saka komai ba, domin ƙaramar manhajar da ke gabatar da wayar ga Windows ba ta zauna ba. Wayar Mini VCI ta Toyota ta fi jituwa da tsohon Windows mai 32-bit, shi ya sa gwanin ke keɓe wata tsohuwar kwamfuta don wannan aiki kaɗai, ko ya gina Windows 7 a cikin VirtualBox, kwamfuta a cikin kwamfuta. Mai wayar K+DCAN ta BMW kuwa sai ya tabbatar lambar ƙofar COM ta yi daidai da wadda manhaja ke nema, ya kuma sauke lokacin jira daga 16 zuwa 1, in ba haka ba hira da motar ta riƙa yankewa. Gwanin ba ya barin wannan kwamfuta tana yawo a intanet, don wayoyin kasuwa da yawa kwaikwayo ne, sabuntawa ɗaya na iya kashe su.

A gindin mota, in an jona waya, sai a murɗa makulli, fitilun gaban direba su kama, inji a kashe. Lambar matsala ta fito, a ce P0171. Mai gaggawa zai ce wa mai mota, "Alhaji, sai an sayi sabon famfon mai." Gwani ya san lambar ba ta ambaci famfo ba. Abin da ta ce shi ne iska ta rinjayi mai a cikin inji. Sai ya tada motar, ya zuba ido kan adadin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don cike giɓin. In ƙarin ya yi yawa a silo, ya ragu da an taka totur, to wata roba ce ta tsage tana shan iska ta ɓarauniyar hanya. In kuwa sai an taka yake hawa, sai a duba famfo da matatar mai, ko na'urar auna iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe. A yankin da ake shan man kwalba na bakin hanya, ana kuma bin turɓaya, wannan bambanci shi ne tsakanin gyaran 'yan dala da asarar kuɗin buhunan gero. Manomin da ya haɗa jari ya sayi motar haya ba shi da rarar da zai yi ta sayen kaya bisa zato.

Sauya saitin ƙwaƙwalwa shi ne mataki na sama, kuma shi ya fi haɗari. Da shi ake yi wa sabon makulli rajista, ake sa ƙofofi su kulle kansu in mota ta ɗau hanya, ake shigar da lambar da ke rubuce a kan sabon nozul na Hilux mai dizal don ƙwaƙwalwa ta san gwargwadon man da zai fesa. Kafin ya taɓa komai, gwanin yana adana saitin asali, ya ɗauki hotonsa da waya. Yana kashe fanka da rediyo, ya jona wa batirin mota caja, ya tabbatar kwamfutarsa a cike take, domin in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar na iya mutuwa, a koma neman wata a Kamba, Doso ko Yamai. In ya gama, yana goge tsofaffin lambobi, ya ja motar ya zaga da ita har inji ya yi zafi, ya dawo ya sake jona waya ya karanta kafin ya miƙa wa mai ita makulli.